Jikokin Direban Babbar Mota

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban tsangaya, shugaban sashenmu da malamansa manya da ƙanana, malamina, wanda ya kafa ɗakin binciken da muka taru domin yi masa bankwana, ma'aikatan ɗakin, masu gyaran na'ura da masu shara, tsofaffin ɗalibai da suka baro ayyukansu da iyalansu suka zo, ɗaliban yau, iyayenmu mata da maza, da duk wanda ya ji labari ya tako da ƙafarsa, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya zaɓe ni in yi magana a madadin tsofaffin ɗalibai, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka fi ni ilimi, akwai waɗanda suka fi ni baki. Ina zaton an duba an ga ni ce na fi kowa daɗewa kafin in kammala, sai aka ce to wannan ta fi kowa sanin ɗakin.

Jama'a, a makon gobe za a rushe tsohon ginin, a koma sabo. Zan yi magana a kan ɗakin, da aikin da muka yi a cikinsa, da wani baƙo da ya taɓa zuwa ya gyara mana aikin.

Da farko, ɗakin. Shekara ashirin da biyu ke nan da na fara shigarsa. Kwamfutoci shida ne, irin masu ƙatuwar ƙeya, kuma a cikin shidan akwai wadda ba ta tashi sai an ɗan mare ta a gefe. Fankar sama tana juyawa tana kuka, iskarta kuwa ba ta wuce kan wanda ke ƙarƙashinta. Taga ɗaya ce, ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Akwai kujerar da ƙafarta ɗaya ta karye aka tokare da tsofaffin littattafai, ita ake ba sabon ɗalibi, kuma ba a gaya masa. Ina hango wasunku suna dariya. Kun zauna a kanta, na sani, domin ni ma na zauna, na kuma ji ƙasa.

Na biyu, aikin. Saboda iyayenmu da baƙinmu, bari in faɗe shi yadda Malam ya faɗa mana a ranar farko. Akwai wasan tseren motoci na kwamfuta, irin wanda yara ke yi. Mu burinmu shi ne mu samar da direban da ba mutum ba, wato abin da yau ake kira ƙirƙirarriyar basira, wanda zai riƙe sitiyari, ya taka totur, ya taka birki da kansa. Amma Malam ya hana mu rubuta masa dokokin tuƙi. Ya ce mu yi yadda mai kiwo ke yi in yana son kyakkyawan iri. Sai mu ƙirƙiri direbobi ɗari, kowannensu tarin lambobi ne kawai da aka zuba barkatai, mu sake su a kan hanya. Kusan dukkansu shirme suke yi: wani ya tsaya cak, wani ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, wani ya nufi bango kai tsaye kamar an aike shi. Sai mu zaɓi 'yan kaɗan da suka fi yin nisa, mu gauraya lambobinsu, mu ɗan sauya wasu, a sami sababbi ɗari. Waɗannan su ne zuriya ta biyu. Daga su a fitar da ta uku, daga ta uku ta huɗu, haka har ɗaruruwa, kowace zuriya tana ɗan fin iyayenta.

A yau wannan magana ba ta ba kowa mamaki. A wancan lokaci kuwa, in muka bi ta baranda sai mu ji ana cewa, "Ga 'yan wasan mota nan." Har maganar ta kai majalisar sashe, aka ce za a turo kwamiti ya duba: ko dai mu nuna abin a zo a gani, ko a mai da ɗakin wurin ajiyar kaya. Aka ba mu mako huɗu. Digirina yana rataye a ɗakin nan, haka na abokan karatuna uku, haka shekara bakwai na wahalar Malam.

Direbobina kuwa sun kai zuriya ta ɗari huɗu, sun kuma gano wata dabarar banza. Ba sa taka birki ko kaɗan. In sun zo kwana sai su jingina motar da bangon hanya, su yi ta gurzawa har bangon ya juya su. Maki suna samu, amma wanda duk ya kalli allon sai ya kama ciki don dariya. Na yi kwana goma ina sauya lambobi, abin bai motsa ba.

Wannan ya kawo ni ga na uku, wato baƙon.

Mahaifina direban babbar mota ne. Shekara talatin da ɗaya yana kan hanya, bai taɓa kayar da mota ba. Shi ya tsaya tsayin daka in ci gaba da karatu lokacin da wasu a dangi suke ganin ya isa haka. To sai wata gwaggona ta je ta same shi ta ce, "Yaya, 'yar taka da kake ta kurantawa, an ce wasan yara take yi a jami'a." Bai kuwa sanar da ni zai zo ba. Wata Talata da rana, ina zaune na zabga tagumi, sai na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Jama'a, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma daidai lokacin motata tana kan allo tana gurzar bango.

Malam ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Baba ya zauna, ya sa tabarau, ya yi ta kallo har motar ta zagaya sau uku. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, wannan wa ya koya masa tuƙi?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Shi yake koya wa kansa."

Ya ce, "Ai ga alama nan."

Abokan karatuna suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "In ya yi gudu me kike ba shi?"

Na ce, "Maki."

"In ya daki bango fa, me kike karɓewa?"

Na ce, "Ba komai."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "To ai ba laifinsa ba ne, ke kika lalata shi. Ki ba yaro mota ki ce masa gudu kawai kike so, gyara ba nasa ba, jinya ba tasa ba, me kike jira? Sannan wannan direban naki gaban tayarsa yake kallo. Mu kwana tun daga nesa muke gama ta. Kafin ka iso ka ɗaga ƙafa, kafin ka shiga ka gama birki. Wanda ya taka birki a tsakiyar kwana ya riga ya makara."

Na buɗe baki zan yi masa bayanin cewa abin ya fi haka wuya. Sai na ga Malam, mai digiri uku, ya jawo kujerar nan mai karyayyar ƙafa, ya zauna a gefenta da dabara, ya buɗe littafinsa ya ce, "Baba, a maimaita mini a hankali. Daga nisan nawa kuke fara ɗaga ƙafa?" Sa'a biyu suka yi. Baba yana kwatantawa da hannu, Malam yana rubutawa, mu muna tsaye kamar 'yan rakiya.

Washegari muka sauya abu biyu. Muka sa duk direban da ya taɓa bango a rage masa maki, muka kuma tsawaita masa gani, ya riƙa hango hanya daga nesa. Muka zubar da zuriya ɗari huɗu, muka faro daga farko, saura kwana goma sha shida kwamiti ya zo. Kwana biyar na farko abin ya fi da muni, domin direbobin sun tsorata, suna rarrafe kamar masu ɗauke da ƙwai. Na je wurin Malam ido ya cika da hawaye na ce mu koma wa na da. Ya ce, "Ki bar su. Yanzu suka san tsoro, saura su san gwargwadonsa." A rana ta tara, muna tsaye mu huɗu a gaban allo, wata mota ta nufo kwana a guje, ta sassauta, ta karya, ta fita ba ta taɓa komai ba. Babu wanda ya rubuta mata ta yi hakan. Ihun da muka yi, sai da malamin ajin da ke kusa ya leƙo ya tambaya ko gobara ce.

Kwamiti ya zo, ya gani. Ba zan ƙara wa labari gishiri ba: ba su tafa mana ba. Sun ce abin yana da ban sha'awa, suka bar mana rabin ɗakin, suka kafa katako suka zuba karyayyun tebura a ɗaya rabin. A wannan rabin ɗakin na kammala, a cikinsa mutum arba'in da bakwai suka kammala bayana. Yau a cikinsu akwai masu aikin motocin da ke taimaka wa direba ya kauce wa haɗari, akwai masu tsara hanyoyin jigilar magunguna, akwai kuma waɗanda har gobe wasan mota suke yi, kuma ba mai yi musu dariya.

Baba ya sake dawowa sau ɗaya, bayan wata uku. Muka ba shi sitiyarin wasa ya kara da zuriya ta ɗari tara. Sau biyu tana wuce shi. Ya ajiye sitiyarin ya ce, "Ba komai, ai jikokina ne. Ni na ba su tarbiyya." Daga ranar duk sanda na je gida, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Uwata, ya jikokina? Suna dai ɗaga ƙafa ko?" Ita ma gwaggo ya gaya mata cewa lallai wasa ne, amma shi ma an cinye shi a ciki. Da za mu buga sakamakon binciken, Malam ya ce sai an rubuta godiya ga Baba a shafin farko. Na karanta masa, na fassara masa, ya sa aka yi wa takardar firam. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, takardar tana nan a bangon ɗakin mahaifiyata.

Ya ku ɗaliban yau, za ku shiga gini mai sanyi, mai injunan da za su yi cikin minti ɗaya abin da muke jira mako guda. Ina taya ku murna, har ga Allah ba na yi muku fatan fankarmu. Roƙona ɗaya ne. Duk abin da kuka saka wa na'ura a kansa, shi za ta zama, don haka ku duba da kyau me kuke ba maki. In kuma aiki ya cije, ku tuna akwai masu sani da ba su taɓa zama a aji ba. Ku ba su kujera, ku ɗauki biro.

Mai girma shugaba, kwamitin shirya taro ya damƙa mini makullin ɗakin, ya ce ni zan rufe shi bayan taro. Ina neman afuwa, ba zan iya ba. Malam, kai ka buɗe ƙofar nan lokacin da babu wanda ya yarda akwai wani abu a bayanta. Ga makullinka. Mu dai za mu biyo ka a baya, yadda muka saba.

Allah Ya saka wa Malam da alheri, Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Allah Ya jiƙan mahaifina da duk waɗanda suka riga mu daga cikin mutanen wannan ɗaki, Ya kyautata namu ƙarshen. Allah Ya sa albarka a sabon gini da masu shiga cikinsa, Ya sa iliminsu ya amfani jama'a. Allah Ya tsare direbobinmu da ke kan hanya a wannan lokaci, Ya mai da kowannenku gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Na gode.