Ƙwaryar da ke Gindin Katangar Kado

KUBRA: Halo? Salamu alaikum, Kawu Musbahu?

KAWU: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Lambar nan ta yi tsawo.

KUBRA: Kawu, ni ce, Kubra.

KAWU: A'a! 'Yar Turai! Ina wuni? Ko ina kwana ne a can?

KUBRA: Wuni ne, Kawu. Ya gida? Ya Gwaggo Safiyatu da ƙafa?

KAWU: Da sauƙi, har ta fara bi na da faɗa a tsaye. Ya sanyi? Ya karatun fenti?

KUBRA: Ba fenti ba ne, Kawu, na sha gaya maka. Digiri na biyu ne kan zane don gyaran al'umma da muhalli.

KAWU: Eh, shi nake nufi. Jiya a masallaci aka tambaye ni, na ce kina karantar yadda ake hana mutane zubar da shara ba tare da an zage su ba. Liman ya ce lallai wannan sai Turai.

KUBRA: Kawu, katina ba yawa. Alhamis zan kare aikina a gaban malamai.

KAWU: Masha Allah! Hotunan da nake turo miki sun isa?

KUBRA: Sun isa, Allah ya saka. Sati ashirin ba ka tsallake ko ɗaya ba. Malamata har ta ce ba ta taɓa ganin zanen bango ya yi aiki haka ba. Bakin kwatar kasuwar kifi ta Kado, inda ko kare ba ya tsayawa, daga sati na uku fes!

KAWU: Fes kam. Sati na uku.

KUBRA: To yanzu so suke su gani da idonsu. Ranar Alhamis zan kira ka ta bidiyo, ka tsaya a gaban katangar, ka juya musu wayar daga sama har ƙasa.

KAWU: Har me?

KUBRA: Har ƙasa.

KAWU: Halo? Halo? Netwok ɗin nan...

KUBRA: Ina jin ka sarai, Kawu.

KAWU: To ai sama ta fi kyau. Can kika zana kogin da kifaye suna murmushi. Har amare na zuwa ɗaukar hoto. Ƙasa me za su gani, siminti?

KUBRA: Kawu. Me ke ƙasa?

KAWU: Wata 'yar ƙwarya ce.

KUBRA: Ƙwaryar wa?

KAWU: Ta gwaggonki ce, ta dama fura. Ta tsage, dama za a yar.

KUBRA: Me take yi a gindin zanena?

KAWU: Zaune take. Da ɗan jan ƙyalle a wuya. Da gashin kaza kaɗan. Sai ƙwai ɗaya a tsakiya, na shafa masa baƙin tukunya.

KUBRA: Innalillahi! Kawu, tsafi ka ajiye mini?

KAWU: Kul! Ni da nake sahun gaba? Ba komai a ciki wallahi. Jan ƙyallen ma daga tsohon labulen falo na yanko.

KUBRA: Yaushe ka ajiye ta?

KAWU: Ki bari in gaya miki yadda aka yi. Kin gama zanenki, kin hau jirgi. Satin farko mutane suka taru suna yabawa, wai kamar kifin zai yi tsalle. Suna yabawa suna juye bokitin hanjin kifi a wurin. Sati na biyu shara ta kai wa babbar tarwaɗar nan da kika zana gemu. Ni kuma kin ce in turo hoto. In turo miki wannan kina can ke kaɗai cikin ƙanƙara?

KUBRA: Sai a sati na uku...

KAWU: Sai na taimaka wa ilimi.

KUBRA: Kawu, shafi tamanin na rubuta! Gaba ɗaya hujjata ita ce hoto shi kaɗai, ba rubutu, ba barazana, yana taɓa zuciya. Akwai babi guda a kan Madam Magdalene, shugabar masu kifi. Da bakinta ta ce mini tun da ta kalli idon kifin nan ta kasa zubar da shara.

KAWU: Mutuniyar kirki. Ita ta ba ni gashin kazar.

KUBRA: Ita ma ta sani?

KAWU: Ita ta ce a ƙara ƙwan. Ta ce, “Oga Musbahu, wannan yarinya ya sha wahala, bari mu taimaka masa.” Ita ta baza labari a kasuwa wai wani ya zubar da ƙayar kifi a wurin, hannunsa ya kumbura kamar doya.

KUBRA: Wa ya kumbura?

KAWU: Ba kowa. Amma mutum huɗu sun rantse sun gan shi.

KUBRA: Ka ɗauke ta. Yau ɗin nan, Kawu. Wata biyar wurin na da tsabta, ai sun saba.

KAWU: Haka ni ma na ce. Ranar Litinin na ɗauke ta don in canza ƙwan, ya fara magana. Na shiga gida, na yi azahar, na ɗan kishingiɗa. Kafin la'asar...

KUBRA: Kar ka faɗa.

KAWU: Har da tsohuwar katifa.

KUBRA: Wayyo Allah. Shekara biyu. Baba ya ce in karanta lauya, na ce a'a, ni duniya zan gyara.

KAWU: Kin gyara mana! Ba don zanenki ba wa zai kula da ƙwaryar? A da in an ajiye irinta a juji akuya ke cinye ƙyallen. Yanzu mutum ya zo kallon kifi, idonsa ya sauka ƙasa, sai ya koma da bokitinsa. Aiki ne na haɗin gwiwa. Ki rubuta haka.

KUBRA: In rubuta wa Turawa na yi digiri da ƙwai?

KAWU: To ki zaɓa. Ko su ga ƙwarya, ko su ga katifa.

KUBRA: Ƙwarya ko katifa...

KAWU: Halo? Kin tafi?

KUBRA: Ina nan. Kawu, babbar rigar nan taka, shuɗiyar, ta sallah.

KAWU: Mai aska takwas?

KUBRA: In ka tsaya dab da bango ka baza ta, tana kaiwa ƙasa?

KAWU: Har tana shara da kanta. Kin ga amfanin karatu, nan da nan kin gano.

KUBRA: Kar ka motsa daga wurin ko me suka ce. Allah ya yafe mana. Ni dai abin da zan riƙe shi ne, ko ta yaya, sharar ta daina shiga unguwa.

KAWU: Sosai. Sai dai ki roƙe su kar su ce in zagaya bayan katangar.

KUBRA: Me ke bayan katangar?

KAWU: Haba Kubra, kifi dubu ake yankawa a Kado kullum. Kin zaci hanjin sama yake tashi? Ai can baya ma na so in ajiye ƙwarya ta biyu, gwaggonki ta ɓoye sauran, sai dai ko ki dawo ki yi digiri na u...

KUBRA: Kawu? Kawu Musbahu! Halo?