Turamena Biyu a Ƙarƙashin Kitika

Ina gaishe ku da sunan Yesu, ku da muke taruwa a zauren malamin asibiti, da ku da za a karanta wa wannan daga baya.

Maigidana ya ɗauke mini turame biyu ya ɗora musu mota, sau uku a kaka ɗaya. Bai tambaye ni ba. Har yau ban ce ya kyauta ba, kuma ba zan ce ba.

Sunana Saratu. Mu mutanen Zuru ne, aiki ya kawo mu Tambuwal. Maigidana ne ke tuƙa kitika, ƙaramar motar kaya ta Alhaji Mu'azu mai sayen gyaɗa, daga nan zuwa Kebbe, hanyar da ko motar Di'o, Baturen mulki, sai ta yi nishi a kanta. Akwai wata roba a idon sifirin na ƙarƙashin mota, inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, direbobi na ce mata bushi. In ta cinye, mota ta dinga ƙwal-ƙwal ke nan tana karkacewa. Tamu ta cinye, shi kuwa ya ce ba makaniken da zai taɓa masa mota, a tsakar gida zai yi abinsa.

Jak ɗaya gare shi. Sai ya ɗaga mota ya kifa turamena ƙarƙashinta. Taɓaryata ta zama gudumar buga sabuwar roba. Tsohuwar kuma da garwashin murhuna ya ƙone ta, har tuwon ranar ya yi warin taya. Ni da ke da turmi biyu, na koma daka a gidan maƙwabciyarmu Inna Hajo kamar baƙuwa.

Sabbin robobin daga Sakkwato aka aiko su, ƙunshe cikin takarda. Shi bai iya karatu ba. Ni kuwa da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, shekara biyu ina kokawa da baƙaƙe yana mini dariya. Ya dunƙule takardar ya jefo mini, ya ce, "Malama, ga littafi. In kin sauke, ki ƙunsa daddawa."

Na shiga ɗaki na warware ta. Ashe mai kantin ne ya yi rubutu da fensir: "A gaya wa direba kada ya ɗaure noti mota tana sama. Ya sauke ta ƙasa, ya ɗora mata kaya, sannan ya ɗaure. In ba haka ba, robar za ta murɗe ta yage."

Na karanta sau uku. Na leƙa waje, ga shi kwance a ƙarƙashi, mota a sama, yana jan sifana har jijiyar wuyansa ta tashi. Na ninke takarda na tura ta ƙasan taskira. Na ce a raina, to, ai daddawa ce.

'Yan'uwa, ciwona ke nan. Wasu sun tsaya nan sun ba da shaidar warkewa daga kuturta, wasu daga giya. Nawa riƙo ne, kuma na iya shi.

Kwana tara robar ta yage. Ya zagi roba, ya zagi hukumar En'e da ba ta gyara hanya, ya aika aka kawo wata. Turamena suka koma ƙarƙashi. Wannan karon ya ƙara ɗaurewa da ƙarfi, ni kuma na kawo masa ruwa, na ce, "Sannu da aiki, Maigida." Kwana shida ta yi. Ta yage a daji da lodin gyaɗa, sai da jakuna aka kwaso buhunan.

Alhaji Mu'azu ya zo da kansa da roba ta uku, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Bulus, in wagga ta yage, ka aje mini makulli. Akwai mai jira nai." Gidan da muke ciki ma na Alhaji ne. Ina bayan danga na ji komai, ban motsa ba.

Da azahar ina daka a gidan Inna Hajo, sai na ba ta labari, har da dariya, ina jira ta ce na yi maganinsa. Sai ta riƙe taɓaryar.

"Ɗiyata, ba ke nika ji kina cewa Annabi Isa ya yafe ma waɗanda sunka cuce shi ba? Ko abin bai kai ga miji ba?"

Na ce, "Inna, raina ni ya yi."

Ta ce, "Ya raina ki, gaskiya. In anka kore ku, takardar za ki shimfiɗa ki kwana?"

Na kwashe gerona ko surfe bai gama ba, na dawo gida, na zagaya bayan rumbu na durƙusa. Ba addu'a na fara ba, ƙara na kai. Na ce, Ubangiji, ka ga turamena, ka ga ɗaya har ya tsage. Ka ji abin da ya ce da ni. Na lissafa masa tun daga shekarar da aka kawo ni, har bakina ya bushe.

Da na yi shiru, sai farkon rubutun nan ya faɗo mini a zuciya: a gaya wa direba. Ashe takardar ba tawa ba ce, aikena aka yi. Shekara biyu ina roƙon Allah ya buɗe mini ido in yi karatu, ya buɗe, saƙon farko da ya ratsa hannuna na zauna a kansa. Wayyo ni! Na yi kuka har majina. Na ce, Yesu, ka cire mini wannan dutse, ni na kasa. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai tashi na ji ƙirjina sakayau, abin da rabona da shi tun farkon kaka.

Na gode wa Allah da ya kwance ni, na gode masa da ya aiko gyarana ta bakin maƙwabciya. Damina biyu ke nan robar tana aiki, makulli yana hannun Maigida. Duk mai wani abu a ƙasan taskira, ta dogara ga Yesu ta fito da shi tun kafin a zo karɓar makulli. Zai ba ta ƙarfin, ni shaida ce.

Washegarin ranar da na durƙusa bayan rumbu, da safe na same shi ya buga robar, ya ɗauki sifana zai shiga ƙarƙashi. Na tsaya a kansa na karanta masa takardar, baƙi bayan baƙi.

Ya ajiye sifana. Ya ce, "Tun yaushe kika san wannan?"

Na ce, "Tun ranar daddawa. Na cuce ka, ka yafe mini. Kai ma ka san abin da ka yi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sake karantawa, Malama." Wannan karon ba dariya a ciki.

Na sake. Ya ɗaga da jak, na janye turamena da hannuna, ya sauke mota ƙasa. Buhu huɗu kawai ke gidan, ba su isa lodi ba, sai na leƙa na kira Inna Hajo da surukanta mata uku. Muka hau bayan kitika muka baje a kan buhuna, mota ta lotsa.

Na buga jikinta da tafin hannu, na ce, "Ga kaya nan, Maigida. Yanzu ɗaure."