Ledar da Ta Shaƙe Mowa

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Kaduna. Ranar kasuwa aka sayar da ita, Inna ta ƙulle kuɗin a tsumma ta danƙa mini, ta ce in na sauka in nemi Baba Sule, aminin mahaifina, wanda ke gadi a Unguwar Boro. Kai Habu, bar tsokanar ƙanenka ka saurara, ba kai ne mai cewa bana sai ka tafi ci-rani ba?

Baba Sule ya karɓe ni hannu bibbiyu. Shi ya roƙar mini aikin gadina, wato kula da lambu, a gidan da yake gadi, gidan wani tsohon ma'aikacin gwamnati ɗan Filato, kowa Oga yake ce masa. Da aka buɗe mini ƙofa sai na tsaya baki sake. Fili ne wanda zai cika rumbu da dawa, amma ciyawa aka shuka. Ciyawa fa! Ana ba ta ruwan famfo da rani, in ta yi tsawo a aske ta, a kwashe a kai bola. Na tuna shanunmu da ke lasar ƙasa da bazara, wallahi har ƙwalla na yi.

Askin ma da mota ake yi, wata 'yar ja mai kujera da sitiyari. Na tambayi sunanta, Oga ya ce mowa. Na ce a raina lallai suna ya dace, don ɗakinta daban, har da mayafin rufa. Ya koya mini tuƙi, sannan ya nuna ni da makulli.

"Ɗana ya aiko ta daga Turai. Ran da ka ɓata ta, ran nan ka tattara kayanka. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Muna nan lafiya lau, sai wata rana Baba Sule ya leƙa ɗakin mowa ya ji warin fetur. Ya duba murfin tanki, ya ga wata 'yar huda kamar ta allura.

"Ka ga ta inda mai ke gudu," in ji shi. "Gobe a ce kai kake sacewa."

Ya yagi leda ya shimfiɗa a bakin tankin, ya murɗa murfin a kai, yadda kowa ke yi wa galan ɗin kananzir a gida. Har godiya na yi masa.

Tun daga ranar mowa ta fara iskanci. Da safe bugu ɗaya ta tashi. Da ta yi zafi sai ta soma tari, ta yi shessheƙa, ta mutu a tsakiyar fili. In buɗe tanki, ga mai nan. In mayar da leda da murfi da kyau, in buga, ta tashi, can an jima ta sake mutuwa. Ga bikin 'yar Oga ya matso, a kan ciyawar nan za a kafa rumfuna, rabi a aske rabi kamar gemun mahaukaci.

Oga ya tsare ni. "Me ka yi mata?"

"Wallahi ban yi mata komai ba."

"Kullum wallahi! Ita ta ɓata kanta?"

Ban iya cin abinci ba. In aka kore ni, da wane ido zan kalli Inna?

Aka ɗauko bakanike daga Kakuri, wani Ibo mai suna Chidi, Hausarsa ta fi ta Oga. Ya canza fulogi, ta mutu. Ya kwance kafireta ya wanke, ya kakkaɓe ciyawar da ta liƙe wa inji, ta mutu. Da abin ya ishe shi sai ya hau da kansa ya yi ta zagaye. Tana mutuwa ya diro ya murɗe murfin tanki. Sai muka ji fuuu, tankin ya zuƙi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Ya ɗago ledar da yatsa biyu. "Wa ya toshe mata hanci? Hudar nan ta nan iska ke shiga. In iska ba ta shiga, mai ba zai sauka ba."

Ashe inji ma numfashi yake yi! Ban gama wannan mamaki ba Oga ya daka tsawa, "Wa ya sa leda?"

Na juya na kalli Baba Sule, ina jiran ya yi magana. Ya kuwa yi. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ni.

"Ranka ya daɗe, yaron ƙauye ne, bai sani ba. Da na gani da na hana shi."

Yara, ku ji fa. Bakina ya buɗe, amma ta yaya zan ƙaryata aminin ubana a gaban baƙi? Mutumin da ya goya ni ina ƙarami? Na sunkuyar da kai. Chidi ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa babu abin da ya lalace, amma Oga ya ce wanda ya toshe tanki yau, gobe gida zai ƙona. Nan take ya sallame ni.

Baba Sule ne ya ɗaukar mini jaka har bakin titi. Bai dube ni ba. Da mota ta tsaya ya ce, "Kai yaro ne, za ka sami wani. Ni wa zai ɗauka?"

Na karɓi jakata na shiga mota. Haushi ya cika ni, tausayi kuma ya hana ni zagi.

Na isa gida tun kafin a yi shuka, hannu rabbana. Na tarar da Baba, mahaifina, a zaure yana gyaran fartanya. Bai tambaye ni aiki ba, bai tambaye ni tsaraba ba.

"Sule ya riƙe ka da kyau?"

"Ya riƙe ni, Baba."

Ya yi murmushi. "Ai na sani. Sule ba ya cin amana."

Har Baba ya koma ga Allah, abin da ya sani ke nan.