Katakon da Ya Ƙi Yin Sumul

A rumfar mai wasa wuƙaƙe, wani dattijo na zaune da katako a cinya, abin kankare shi a gefe. Wani direba da ke jiran layi ya leƙo.

"Baba, wa ya yi wa katakon nan ta'asa? Kamar ɓera ya ci!"

"Ni ne."

"Ai gaba da jijiyarsa kake turawa, shi ya sa yake ɓantarewa. Mahaifina kafinta ne. Ka mayar da wuƙar abin kankarewar ciki kaɗan, ka matse bakin, ka riƙa ɗebo siriri kamar ɓawon albasa."

"Na sani."

"Wurin gaɓar nan kuma ka ɗan jiƙa shi, ka karkata hannu."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a."

"To me ya sa ka fito da wuƙar haka, sai ka ce mai faskare? Dubi yadda ya sirance! Ka ƙara kaɗan, sai dai a hura wuta da shi. Ko wani za ka saya?"

"Babu wani. Ɗana ne ya yanko shi, zai yi teburin aikinsa. Yanzu a kabarinsa za a kafa."

Direban ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙansa. Kawo, Baba, yanzun nan zan yi maka shi sumul."

Dattijon ya danne katakon da hannu biyu.

"Bar shi. Ranar da ya yi sumul, dole in rubuta sunansa a kai."