Kofin Ma'aurata da Baron Shara

Narelle: Halo? Baba? Kana ji na?

Clarrie: Wa ke magana? In masu tallar sola ne, na gaya muku rufina ya tsufa, ku bar ni in huta.

Narelle: Ni ce, Baba. Narelle.

Clarrie: A'a, 'yar gidan Baba! Ina wuni?

Narelle: Ina kwana dai. Nan Kalgoorlie hantsi ne, kullum sai ka manta kun riga mu ganin rana.

Clarrie: To ina kwana. Ya aikin asibiti? Ya zafi? Mijin naki yana nan cikin ramin zinariyarsa?

Narelle: Yana ciki, yana gaishe ka. Yara ma suna gaishe ka. Ya gwiwar?

Clarrie: Wace giwa kuma?

Narelle: Gwiwa, Baba, gwiwarka. Layin ne ke yankewa.

Clarrie: Oho. Da sauƙi. In iska ta taso daga teku ne take ɗan tuna mini shekaruna.

Narelle: Sannu. Yanzu kana ina?

Clarrie: Ina zan kasance? Ina gida, a kujerata.

Narelle: Wane gidan?

Clarrie: Gida nawa nake da shi?

Narelle: To wa nake ji yana ihu, "Glenys, a kawo shayi"?

Clarrie: Rediyo ne.

Narelle: Rediyon da ke da muryarka, har da tarinka? Baba, wannan farin akun Glenys ne, matar tsallaken titi. Aku ba ya koyon abin da ba ya ji kullum.

Clarrie: Na leƙo ne in gyara mata famfo. Ga ta nan ma ta ɗauke kejin za ta fita da shi shan iska, ɗan banzan tsuntsu mai gulma.

Narelle: Famfon nan ya sha gyara. Baba, na ga hoton.

Clarrie: Wane hoto?

Narelle: Na jaridar gari. Kai da Glenys cikin fararen kaya a filin gara ƙwallo na kulob, kai da kofi, ita da tiren nama. An rubuta a ƙasa wai ku ne zakarun gasar ma'aurata ta bana. Ma'aurata, Baba. Yaushe aka ɗaura ban ji ba?

Clarrie: Rage murya.

Narelle: Ina ƙarshen ƙasar nan, wa zai ji ni?

Clarrie: Ba a ɗaura komai ba. Glenys ce ta sa sunayenmu. Ni kuma da na ji Wal Pridham da matarsa suna cika baki wai ba mai ƙwace musu kofin, sai raina ya ƙi. Shekara nawa mutumin nan yana mini kallon banza a filin? Muka shiga. Ki ga ƙwallona na ƙarshe, Narelle, ya lanƙwasa ya kewaye nasa ya kwanta a jikin ɗan farin ƙwallon da ake auna, kamar an ajiye shi da hannu. Wal har hularsa ya jefar.

Narelle: Barka. To me ya sa muryarka take kamar ta wanda aka yi wa rasuwa?

Clarrie: Saboda tsohon munafukin ya kai ƙara wajen kwamiti. Ya ce ƙa'idar gasar, mutum biyun sai suna zaune ƙarƙashin rufi ɗaya. Yau da yamma za a zauna, a gaban kowa, a tambaye ni ina nake kwana.

Narelle: Sai ka gaya musu.

Clarrie: In gaya musu? Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Gidan da mutum yake kwana ya tashi a cikinsa, shi ne gwamnati ba ta karɓar harajin fili a kansa. Ranar da aka ji na ƙaura, gidanmu ya zama gida na biyu. Filin da muka saya ni da mamanki lokacin Inverloch ba kowa sai masunta, yanzu mutanen Melbourne sun sa ya yi tsadar hauka don kawai yana kallon teku. Harajin ya fi ƙarfin fanshona nesa ba kusa ba. Sai dai in sayar.

Narelle: Kuma kana ganin Wal zai kai magana ofishin haraji?

Clarrie: Wal? Ai kafin in zauna ya buga musu waya. Mutumin da ya kai ƙarar maƙwabcinsa a kan tsawon ciyawa.

Narelle: To ka ce a gidanka kake kwana, ka mayar da kofin.

Clarrie: Na ci naman.

Narelle: Baba.

Clarrie: Ba naman ba ne ma. Glenys ta gaya mini jiya, tana guga, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce in na tashi a gaban mutane na ce ita maƙwabciya ce kawai, in na dawo zan tarar da silifas ɗina da kofin haƙoran robana a baranda. Kin san Glenys ba ta faɗin magana sau biyu.

Narelle: Tsaya tukun. Tun yaushe ka ƙaura?

Clarrie: Ban ƙaura ba. Ina dai kwana a nan.

Narelle: Tun yaushe?

Clarrie: Tun bayan aikin gwiwa. Ta ce in zauna sai na warke. Ban dai warke ba har yau.

Narelle: Wannan fa shekara uku ke nan! Kuma duk zuwan da nake yi ina tarar da kai a gida?

Clarrie: Ai kina faɗa mini kafin ki zo. Ke dai ba ki san wahalar da nake sha ba. Su mutanen harajin wuta suke dubawa, da ruwa. Na sa fitilar falo mai kunna kanta. Kullum da safe sai in tsallaka in buɗe famfo, in ja ruwan banɗaki don mita ta motsa. Riguna uku na shanya a igiyar bayan gida, ina sauya musu wuri.

Narelle: Su ne waɗanda rana ta cinye har suka yi fari? Na zata tsumma ne.

Clarrie: Sai shara. Nan garin da durom ɗin shara ake sanin mai rai. In ranar Talata ta yi ba a ga naka a bakin titi ba, an san ba ka nan. To gidan da ba a girki ina zai samu shara? Sai in raba ta Glenys biyu, in zuba rabi a baro, in turo zuwa nawa durom ɗin.

Narelle: Wallahi Baba cikina ya ƙulle. Kai ne mutum na farko da na ji yana shigo da shara gidansa daga waje.

Clarrie: Yi dariyarki. Ni ba don kuɗi nake yi ba. Da hannuna na kafa kowane katako na gidan nan. Tokar gawar mamanki tana gindin lemon tsamin da ta shuka. In na sayar, katafila za su kawo su tuge shi, su gina wa 'yan hutu bene. Ba zan iya ganin wannan da idona ba, 'yata. Kuma ba zan iya komawa cin wake na gwangwani ni kaɗai ina magana da bango ba.

Narelle: To me ya hana Glenys ta dawo gidanmu? Nata ɗan fili ne kamar tabarma, ba ya kallon komai sai garejinka.

Clarrie: Gidan Merle? Kicin ɗin mamanki?

Narelle: Ka taɓa tambayarta?

Clarrie: Ina zan iya. Da wane baki? Ke kuma da wane ido zan kalle ki, in kin zo kin tarar da wata mata tana soya ƙwai a kaskon uwarki?

Narelle: Au, ashe ni ce dodon. Shekara uku kana tura shara a baro don tsorona.

Clarrie: Ban ce tsoro ba.

Narelle: Baba, wa ka ce ya sa sunayenku a gasar?

Clarrie: Glenys.

Narelle: Wa kake zaton ya tuna wa Wal ƙa'idar rufi ɗaya? Wal da ko jadawalin wasa ba ya karantawa.

Clarrie: Ke... halo? Me kika ce? Layin ya...

Narelle: Layin lafiyarsa ƙalau, ka ji ni sarai. Ta kira ni makon jiya. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da yake fita ta ƙofar baya kamar ɓarawo, kuma ba ta son ranar da za a kama ka kana yi wa gwamnati wasan kwaikwayo da tsufanka. Ta ce jikarta za ta sayi ɗan gidan nata. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko na yarda ta shiga gidan Mama.

Clarrie: Ke kuma kika ce me?

Narelle: Leƙa taga.

Clarrie: Wace taga?

Narelle: Ta titi mana. Me kake gani?

Clarrie: Barona ne. Wa ya ba ta barona? Ta ɗora keken ɗinkinta, ta ɗora kejin a sama, ko ɗaurewa ba ta yi ba. Ta buɗe ƙyauren shingena. Narelle, matar nan ta shiga gidana da tsakar rana, ga matar Wal can tana ban ruwa tana kallo.

Narelle: Gwara ta kalla da kyau, ta samu abin faɗa wa kwamiti.

Clarrie: Ta ajiye baron. Ba ƙofa ta nufa ba. Ta je gindin lemon.

Narelle: Tana me?

Clarrie: Ta cire hularta. Tana magana.

Narelle: Baba? Kana nan?

Clarrie: Ina nan. Wani abu ne ya faɗa mini a ido. Bari in je, ba ta da makulli, za ta yi ta tsayuwa a rana da wannan ɗan iskan tsuntsun.

Narelle: Tana da makulli. Nawa na aika mata.

Clarrie: Kai, ku mata... Ina takalmina? Ga shi ta koma ta juya baron zai kife, kejin zai... Glenys! Riƙe shi, ga ni nan, na ce ki ri—