Ranar da Na Ce wa Mijina Ya Mutu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Baba Fasto, Mama, iyayena mata da ƙannena, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Sunana Rifkatu, amma da Maman Ladi kuka fi sanina. Da yawanku kun je Kebbe kun yi mini gaisuwar rasuwar maigidana, kuna ta cewa, "Kai, Maman Ladi ta yi jinya, mace mai haƙuri." Duk lokacin da na ji haka sai kunya ta rufe ni. Yau na tashi ne in faɗa muku abin da ba ku sani ba.

Mu mutanen ƙasar Zuru ne. Aiki ne ya kawo maigidana, Malam Bitrus, garin Kebbe. Malamin dabbobi ne, kullum yana kan babur daga wannan ruga zuwa waccan yana yi wa shanu allura. Shi ya so garin, mutanen garin ma sun so shi. Ni kuwa ban taɓa so ba. In ba mitar hanya nake yi ba, to ta ruwa ce, ko ta nisa da dangi. Ranar Lahadi mu sha gargada a kan babur har nan Tambuwal, in zauna a kan bencin nan ina waƙar yabo, zuciyata kuwa tana ƙirga zannuwan da matan ma'aikata suka ɗauro.

In ya ce, "Maman Ladi, mu gode wa Allah," sai in ce, "A kan me?"

Haka nake, 'yan'uwa. Tuwo a gabana, miji lafiyayye, 'yata Ladi a ɗakin mijinta, amma ina tambaya a kan me!

Wata ranar Talata da hantsi ina tankaɗe, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Fulani biyu ne, sun sa shi a tsakiya sun riƙe. Suka ce yana cikin duba wata saniya ya yanke jiki ya faɗi. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Muka kawo shi asibiti nan Tambuwal, daga nan aka tura mu Sakkwato. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Bayan 'yan makonni aka sallame mu. Ba ya tafiya, ba ya magana. Ido kawai.

Ladi ta zo ta yi kwanaki, amma da tsohon ciki take, dole ta koma. Aka bar ni da shi.

Wanda bai yi jinyar babban mutum ba, bai san ta ba. Ki ɗaga shi, ki wanke shi, ki sake shimfiɗa, ki ba shi kunu cokali-cokali, rabi yana zubowa ta gefen baki. Ki ja shi a kan tabarma zuwa inuwa, rana ta juyo ki sake ja. Bayana ya riƙe. Hannuwana suka tsattsage saboda wanki. Ɗakinmu yana wari, ni ma ina jin warin a jikina.

Na yi addu'a, na yi azumi. Kun je kun yi mana addu'a, Allah ya saka muku. Addu'ata ɗaya ce: "Ubangiji, tashe shi." Wata ya bi wata, ko yatsa bai motsa ba. Sai na daina. Na ce a raina, Allahn da ya kawo ni Kebbe ya jefar, me zan ƙara gaya masa?

Sai ranar nan.

Da safe ne, cikin damina, kwana uku ba rana, shanya ta ƙi bushewa. Zanen gado ɗaya ya rage mini busasshe. Na yi masa wanka, na shimfiɗa, na juya in ɗauko kunu. Kafin in dawo ya ɓata shi. Na tsaya da kwano a hannu ina kallonsa. Ban san sanda na yi jifa da kwanon ba.

Na ce, "Ka mutu mana! Ka mutu in huta! Me kake jira?"

Ya Yesu! Da bakin nan na faɗa.

Ya ji. Kunnensa lafiya lau yake. Ya dube ni, hawaye suka gangaro ta gefen ido suka shiga kunnensa, sai ya juya fuska bango. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba tun da ya aure ni.

Ban ba shi haƙuri ba. Na zuba kayana a jaka, na bar shi kwance cikin ƙazanta. Na leƙa gidan maƙwabciyarmu Inna Hajo, wata dattijuwa Musulma da katanga kawai ta raba mu, na ce za ni Tambuwal sayen magani, ta riƙa leƙa shi. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "To, ɗiyata. Allah shi kai ki lafiya."

Ba magani za ni saya ba. Niyyata in hau motar Jega, daga can in wuce gida Zuru, kada in sake waiwayar Kebbe.

Na hau babur na iso tashar nan ta Tambuwal, yaran mota suna ta kiran Jega, Jega. Mota ta cika a gabana ta tashi. Wata ta jawo, ita ma ta cika ta tashi. Ni dai ina tsaye da jaka, na kasa shiga, na kuma kasa komawa. Daga ƙarshe ƙafata ta kawo ni nan. Ga Mama matar Fasto nan zaune, ita ce shaidata. Na same ta a bayan coci tana tsintar wake.

Ta ce, "Maman Ladi, lafiya? Wa kika bar wa Malam?"

Sai na zube a ƙasa. Na gaya mata komai, har kalmar da na faɗa. Na jira ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta ajiye faifai ta ce, "Kin gaji ne, 'yar'uwata, kuma kin yi zunubi. Duka biyun gaskiya ne. Abin da kika gaya mini yanzu, kin taɓa gaya wa Yesu?"

Na ce, "Mama, ina zan iya gaya masa wannan?"

Ta ce, "Ai yana ɗakin sa'ad da kika faɗa. Taso."

Muka shigo nan, muka durƙusa wajen bencin gaba. Ban iya wata doguwar addu'a ba. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Na so mijina ya mutu. Na ƙi ka, na ƙi inda ka ajiye ni. Shekara da shekaru kana ba ni ban taɓa cewa na gode ba. Ka gafarta mini. In ba za ka tashe shi ba, ka ba ni zuciyar da zan riƙe shi."

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Amma abin da ya tokare mini ƙirji tun ranar da aka sauke shi daga babur, na ji ya sauka. Na yi kuka har muryata ta dushe. Mama ta ba ni ruwa na sha, ta raka ni har wajen masu babur.

Da la'asar na isa gida. Na tarar mijin Inna Hajo ya wanke shi ya sa masa riga, ita kuma ta kawo zanenta ta shimfiɗa. Fura tana ajiye a gefe, ba a taɓa ba.

Ta ce, "Tun da kinka fita ya ƙi buɗe baki. Na san za ki komo." Ko maganar magani ba ta tayar ba. Ta ja ƙofa ta fita.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baban Ladi, na yi maka laifi. Ka yafe mini saboda Yesu." Ya daɗe bai juyo ba. Can sai ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya ɗora a kaina. Na ɗebo fura na kai bakinsa, ya buɗe.

Halleluya!

Kada ku ce daga nan ya warke. Bai warke ba. Wankin bai ragu ba, ciwon bayan bai tafi ba, akwai ranakun da na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Amma idona ya buɗe. Sai na ga ashe matan Fulani suna ajiye mana nono a ƙofa ba su karɓar komai, don alherin da ya yi wa shanunsu. Ashe da can ma suna kawowa, ni ce nake karɓa ina yatsina. In rana ta fito shanya ta bushe, sai in ce na gode. In ya shanye kunu, in ce na gode. Kowace safiya in karanta masa Maganar Allah, in yi waƙa, shi yana buga tabarma da hannun hagu.

Shekara guda da 'yan watanni Ubangiji ya ƙara mana. Da kaka, ana yankan gero, wata safiya na gama yi masa wanka na jingina shi a jikina ina shafa masa mai, sai na ji ya yi nauyi. Shi ke nan.

Har yau ina tuna kalmar nan. Ba za ta goge daga bakina ba. Amma na san an yafe mini, a sama da ƙasa, kuma mijina bai tafi shi kaɗai cikin ƙazanta ba. A hannuna ya cika. Wannan ba ƙoƙarina ba ne, jinƙan Yesu ne.

'Yan'uwana, na san akwai masu jinya a cikinmu, akwai kuma masu ɗauke da abin da suke jin kunyar faɗa. Kada ki jira sai bakinki ya furta irin abin da nawa ya furta. In kin gaji, ki gaya masa kin gaji. Ba zai kore ki ba, ni bai kore ni ba. Ku dogara gare shi, ko ya tayar da mai ciwonku, ko bai tayar ba.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu da ya tsayar da ni a tasha. Ku taya ni gode masa, don ni kaɗai ba zan iya ba. Amin.