Sandar Mama Saratu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Da kunya na tsaya a nan, amma zan faɗi komai bi da bi.

Da farko, kun san ni. Ni ne dattijon da ke zagayawa lokacin addu'a yana duba wanda bai durƙusa ba. Wata Lahadi na tsawata wa Mama Saratu, tsohuwar nan da ke zuwa daga hanyar Zango, a gaban jama'a. Ta ce gwiwarta ce. Na ce mata lalaci ne.

Na biyu, ciwon nan ya zo kaina. A asibiti likita ya duba hoton ƙashi, ya ce guringuntsin gwiwoyina ya cinye sosai. Ya ba ni magani, ya ƙara da bitamin E, ƙwaya ɗaya a rana. Ya ce yana iya rage wata irin tsatsa da ke cin gaɓa daga ciki, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya cinye. Ya hana ni durƙuso, ya ce in riƙe sanda.

Na ɓoye muku. Na ƙi sanda. Na mayar da ƙwayar uku a rana, wai don in warke kafin kowa ya gane. Matata Hannatu ta ce, "Maigida, likita ya ce ɗaya." Na ce ta yi shiru.

Na uku, ranar Jibin Ubangiji, da muka zo karɓar gurasa da ƙoƙo a coci, na durƙusa a gaba don a gan ni. Aka ce amin, kowa ya tashi, ni na kasa. Kaito! A ƙasan nan na yi addu'ar da ban taɓa yi ba: Ya Ubangiji, girman kaina ya fi gwiwata ciwo, ka gafarta mini.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Mama Saratu ce, ta miƙo mini sandarta. Ta ce, "Kama, Baba Dattijo. Allah yana jin na zaune ma."

Na koma wurin likita na faɗi gaskiya. Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha. Gwiwar ba ta dawo sabuwa ba, amma zafin ya ragu, girman kan kuma Yesu ya cire. Na gode masa!

Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye ciwonku. Mai nemana lokacin addu'a zai same ni a bencin baya, zaune kusa da Mama Saratu.